Alamar Naira a Cikin Rubutun Ajami

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wadda ke Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi. Jama'armu ta Mandera da Boɗinga da Shagari sun daɗe suna cika wannan umurni da ajami, rubutun da aka gada tun kafin Shehu Usmanu ya zauna Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga. Yau kuwa da yawa sun bar takarda, suna rubuta bashinsu a cikin waya.

To, ku sani na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Akwai wani babban kundi na duniya, sunansa Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa. Naira ta fito a 1973, alamarta ₦ kuwa tana cikin kundin tun 1991. Amma fa da ƙaf da nun irin namu na Warshu, masu barin ɗigonsu a ƙarshen kalma, sai a 2016 suka sami gurbi. Gain da ƙaf masu ɗigo uku na Hausa kuwa sai a 2020. Kuɗi sun riga allo isa, ba mu kuwa yi mamaki ba.

Abin lura shi ne, alamar ₦ daga harafin boko aka ƙera ta, mazauninta hagun adadi. Idan ta shiga sahun ajami mai tafiya daga dama, sau da yawa sai na'ura ta mayar da ita daman adadin, wata wayar ma ɗan akwati kawai za ta nuna. Mai bashi ya rasu, magada su zo su iske 50,000 da akwati a gefe: naira ce, ko sefa, tunda muna ciniki da mutanen Ƙonni?

Saboda haka muna ganin a rubuta kalmar naira cikakkiya, a kuma rubuta adadin da haruffa bayan lamba. Haka yake har yanzu a jikin takardun naira 200 da 500 da 1000, ko da yake an cire ajami daga na 5 da 10 da 20 da 50 tun 2007. Kada kuma a manta da shaidu biyu, gama waya takan faɗa ruwa.

Allah ne mafi sani.