Kafin a Ce "Sai an Wanke Kwamfutar"

A yawancin makarantun Damagaram da na sani, daga Birni zuwa Zango har garuruwa irin Mirriya da Magarya, kwamfuta ɗaya ce tal a ofishin darakta. A cikinta sunayen ɗalibai suke, da makinsu, da manhajar hira da ake aika wa iyaye sanarwa: ranar taro, ranar jarrabawa, takardun da ƴan ajin BEPC za su kawo. Ran da manhajar ta ƙi buɗewa, ko ta fito da ɗan akwati mai kalmar JavaScript ta rufe kanta, maganar da ake fara ji ita ce "sai an wanke ta", wato a share komai a zuba sabo. Shekarun da na yi ina kula da kwamfutar makarantarmu sun nuna mini cewa wankewa ita ce ya kamata ta zo ƙarshe.

Da yawa daga cikin manhajojin hira na kwamfuta shafin intanet ne aka yi wa riga. A ƙarƙashinsu akwai jerin umarni da aka rubuta da harshen JavaScript, manhaja tana bin su ɗaya bayan ɗaya. In ta je ɗauko wani fayil ta tarar ya lalace ko babu shi, sai ta tsaya ta yi ƙorafi. Wannan ƙorafin shi ne saƙon da muke rufewa da sauri don ya zo da Faransanci mai tsauri ko Turanci. Ni hotonsa nake fara ɗauka da salula, domin sau da yawa sunan fayil ɗin da ya jawo matsalar yana ciki.

Daga nan sai in duba agogon kwamfutar. Wata shekara, ana saura kwana kaɗan a rufe karɓar takardun jarrabawa, manhajarmu ta ƙi haɗuwa da intanet. Mai gyara ya ce a kawo ya wanke. Da na leƙa kusurwar allo sai na ga kwanan watan ya koma shekaru baya. Ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, da ke riƙe agogo in an kashe na'ura, shi ne ya mutu, kuma manhaja ba ta yarda da takardar shaidar tsaro ta intanet in kwanan wata bai yi daidai ba. Aka sauya shi da kuɗin da bai kai na tsiren yamma ba, sanarwa ta isa ga iyaye a ranar.

In agogo lafiya, sai in tuna ko an ɗauke wuta manhajar tana aiki. Ɗaukewar wuta kwatsam takan bar fayilolin wucin gadi a rubuce rabi da rabi. Maganinsa a rufe manhajar gaba ɗaya, a share ma'ajiyarta ta wucin gadi, in ta kama a cire ta a sake ɗauko ta daga shafin masu ita. Makin yara ba abin da zai taɓa shi. Haka nan ƙurar hunturu takan toshe fanka, zafin Afrilu da Mayu ya ƙarasa, na'ura ta dinga mutuwa da kanta. Wannan buroshi yake so da inuwa.

Akwai kuma tsufa. Galibin kwamfutocinmu na hannu ne, wasu har yau Windows 7 ke kansu. An daina sabunta shi tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ya tsaya masa a fitowa ta 109 a farkon 2023, Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a Oktoban 2025. Sabuwar manhaja a kan irin wannan tushe dole ta yi ta faɗuwa, ko sau goma aka wanke.

Ƙa'idata ita ce in sauya abu ɗaya, in gwada, in rubuta a littafi. Wanda ya taɓa abu biyar a lokaci guda, ko an dace ba zai san wanne ne ya yi magani ba.

Ƴan uwa malamai, kada garin neman gira a rasa ido. Kafin kwamfuta ta bar ofis, a kwafe maki da sunaye a ajiye su daban, a fita daga asusun hirar, domin lambobin iyaye da hotunan ƴaƴansu amana ce a hannunmu. Ku ma iyaye kuna da haƙƙin tambayar darakta inda ake ajiye kwafin. In kuma da hali, a kira ɗalibai biyu ko uku su tsaya ana binciken. Yaron da ya ga malaminsa ya karanta saƙon kuskure a natse kafin ya taɓa komai, da wuya ya tsorata da jan biro a takardarsa.