Gwangwani yana da lamba, buhun wake fa?

Duk wanda ya taɓa tsallaka iyaka da kayan gwangwani ko kwalin magani ya san yadda doka take bin rubutun da ke jikinsu sau da ƙafa. A Najeriya sai an ga lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, wadda sunanta ya shiga kowane gida zamanin marigayiya Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008. A nan Gana kuwa FDA ce, kuma tun 1992 akwai ƙa'idar da ta ce a rubuta sunan kaya da Turanci, da abin da aka haɗa shi da shi, da ƙasar da aka yi shi, da ranar lalacewarsa. Ba ni da ja a kan wannan. Amma ni wake nake sayarwa, shekarata 26 ke nan a Kumasi, kuma ban taɓa sauke buhun da ya zo da rubutun abin da aka zuba a cikinsa ba. Abin da kawai za ka gani a jiki shi ne alamar mai kaya, don kada a yi musaya a mota.

To ga shi waken nan shi ne abincin gari. Wakye da ake bin layi a saya kowace safiya, sunansa ma daga bakinmu ya fito, shinkafa da wake. Ga ƙosai, ga gari da wake na 'yan makaranta. Yaron da bai fi ya sha madarar gwangwani sau ɗaya a mako ba, yana cin wake kusan kullum.

Mu faɗa wa juna gaskiya, ba mugunta ce take sa a zuba magani ba, tsoron asara ne. Ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa, ƙwansa na manne a jikin ƙwayar. Ka saye shi da kaka a Dawanau ko Maraɗi, ka ajiye kana jiran farashi ya tashi, bayan wata biyu zuwa uku ka kwance buhu ka tarar da huji da gari. Jarin mutum ke nan, wani ma na bashi ne. Shi ya sa hannu yake kaiwa ga kwalbar Sniper ko fiya-fiya. Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dichlorvos, kuma ba a yi shi don a kwarara a kan abin da za a dafa ba.

Abin ya taɓa fitowa fili. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun wannan sinadari fiye da iyakar da suka sa, wato miligiram 0.01 a kowane kilo. A 2016 suka ƙara wa'adin da shekara 3. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, su suna da ɗakin gwaji a bakin tashar jirginsu, suka auna suka ce ba sa so. Waken da bai je Turai ba ina ya tafi? Cikin tukunyarmu. Sai a 2018, da hoton bidiyon wasu masu yayyafa Sniper a kan wake ya bazu a waya, hukumomi suka yi ta gargaɗi, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben a kasuwanni barkatai.

Wani abin ban haushi, shi maganin ƙwarin yana da nasa rubutun, doka ta tilasta. A Gana hukumar kare muhalli ce take yi masa rajista, a Nijar da maƙwabtanta na Sahel akwai kwamiti guda da ke Bamako. A ƙasan takardar akwai zanen launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Amma takardar da aka buga da Faransanci ta iso Techiman, ko ta Turanci ta isa Damagaram, wa zai karanta? Balle an ɗura shi a gorar ruwa ana sayarwa da awo. Ita ma ƙwayar nan da muke kira bom, hayaƙi take fitarwa mai kisa. Ana sa ta ne a rufe ruf na kwanaki, ba ta taɓa waken ba, sannan a buɗe ya sha iska a kwashe tokar. Ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana, ko wanda ya haɗa bango da shi. Da idona na ga sito a cikin gidan haya, yara suna barci a ɗakin da ke jikinsa.

Alhali mafita tana nan. Buhun nan mai ninki uku, PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, in ka ɗaure kowanne da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu da kansa. A Marwa ta Kamaru aka fara gwada dabarar tare da masanan jami'ar Purdue ta Amurka, daga 2007 aka yaɗa ta a ƙasashenmu. Ba ma sabon ilimi ba ne, iyayenmu suna cakuɗa wake da toka ko su toshe shi a durom. Ya fi buhun gargajiya tsada, gaskiya ne, kuma ɓera ko tsinke ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Ni dai da shi nake ajiya, kuma ledar da ba ta huje ba nakan sake amfani da ita a kaka ta gaba.

Ba na zaton akwai gwamnatin da za ta iya tsayar da jami'i a kan kowane mudu da kowane olonka. Amma mu mun san juna, daga dillalin ƙauye har mai sito. Shawarar da na kai wa 'yan layinmu ita ce, duk buhun da za a ɗora a mota a rubuta abu biyu a jikinsa da alƙalamin da muke sa alama: me aka sa masa, kuma a wane wata. In babu komai, a rubuta babu. Wani dattijo a cikinmu ya ce, “Alhaji, duk wanda ya rubuta ya sa magani ai ya kori mai saye da hannunsa.” Na ce masa matan da ke dafa wakye sun riga mu, yanzu sai sun damƙi waken sun sansana kafin su tambayi farashi, wasu ma sun fi yarda da wanda suka ga ƙwaro ɗaya ko biyu yana yawo a ciki. Mutum huɗu suka amince za su fara da kayan da za su shigo bayan kaka. Sauran sun ce sai sun ga yadda namu ya karɓu.