Injin Golf ɗin Baba: a gyara ko a ɗora VR6?

Zaren nan kan motar Babanmu ne, Allah ya jiƙansa, da yadda son ƙarar inji ya kusa sa in ƙarasa ta da hannuna. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Golf 3 ce GTI, ja, ƙirar 1994. Inji 2.0 mai silinda huɗu, ƙarfin doki 115 lokacin da take amarya a Jamus. Baba bai saye ta don gudu ba, 'yar Kwatano ce da ta zo masa da sauƙi. Jakin gida ya mayar da ita: buhun gero, taki, 'yan biki, mara lafiya cikin dare. Bayan rasuwarsa mukulli ya koma hannun Yaya, ni kuma ina ɗanawa in na dawo Gezawa hutu daga BUK.

Bara ta fara hayaki, shuɗi. Da farko da safe kawai in an tayar, daga baya duk sanda ka taka totur. Baƙin mai kuwa sai ka ce shayi take sha. Ranar da wani mai Adaidaita ya wuce ni a wajen Jogana yana toshe hanci yana dariya, na san magana ta ƙare, sai an sauke inji.

To a nan shaiɗan ya shigo ta YouTube.

Duk wanda ya san Golf 3 ya san VR6. Lita 2.8, silinda shida, doki 174. Volkswagen sun matse layuka biyu na silinda a kusurwar digiri 15 kacal, har kai guda ya rufe su, shi ya sa ya shiga gaban ƙaramar mota. Ƙararsa kuwa, wallahi in ka ji sau ɗaya ba za ka yi barci ba. Na ce tunda dai sauke inji za a yi, me zai hana a ɗora babba a huta? Har na gama ganin kaina ranar Sallah ina shigowa gari.

Na tafi Kofar Ruwa ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na samu guda ɗaya, ɗan Beljiyam, an wanke shi tas yana ƙyalli. Mai shagon ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ɗauki hoto, na kai wa bakaniken da ke duba motar tun Baba na raye.

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Ɗan boko, inji ka gani. Sauran fa?"

Sai ya fara ƙirga min da yatsu. Giya bos ɗinmu ba zai hau bayan VR6 ba, sai nasa. In an canza giya bos, kulocin ma ya canza, namu na waya ne, wancan na mai ne. Ga kwamfutar injin da wayoyinta kaf, sai an zaunar da mai wayarin kwana da kwanaki. Ga lagireto, ga salansa, ga ƙafafun da inji ke zama a kai. Gaban motar zai yi nauyi, shokazobanmu kuma dama sun gaji. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare ya koma ɗayan.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar sarƙa. Injinmu bel ne da shi a gaba, a yini ɗaya an canza. VR6 sarƙa ce, kuma a bayan inji take, ɓangaren giya bos. In ta fara ƙara sai an sauke giya bos kafin a taɓa ta. Injin da ya kai shekara talatin, wa ya san halin da sarƙarsa ke ciki? Wanki ba ya nuna ciki. Ga robobin ruwansa da suka yi suna wajen tsagewa, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Duk da haka ban haƙura ba fa. Na kai maganar gida.

Yaya bai yi musu da ni kan doki ko silinda ba. Cewa ya yi, "Wa zai riƙa zuba mata mai, kai?" Na yi shiru. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Aka cire tallafi ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Ni da kuɗin motar Yankaba ma wani lokaci sai Yaya ya cika min.

Inna tana gefe tana tsince wake. Ba ta san VR6 ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ta ce, "Ni dai ragunan nan biyu na ce a sayar don motar ta tashi. In ciwona ya motsa da dare, wacce za ta kai ni asibiti?"

Ragunan da ta kiwata da dusa da harawa ta shekara guda. Su nake shirin mayarwa ƙarar salansa.

Aka sauke injinmu. Na zauna a gareji kwana uku ina wanke ƙarafa da fetur, kuma gaskiya na koyi abin da aji bai koya min ba. Robobin bawul sun bushe sun yi tauri, su ne hayaƙin safe. Ringi sun cinye, su ne hayaƙin totur. Kiranshaf da sauƙi, gogewa kaɗan da sabon metal. Silinda kuwa sai da aka kai Kano aka faɗaɗa su da rabin milimita, aka sa fiston daidai da su. Aka daidaita fuskar kan inji, sabon gaskit, sabon bel.

Kafin a kai bulok ɗin, Oga ya kira ni ya ce in sa farce cikin silinda. Na ji zane-zane a tsaye, kamar an bi da yashi. Ya ce, "Tsufa ba ya yin wannan. Ƙura ce. Wa ya cire akwatin eya kilina?"

Ni ne. Shekara biyu da suka wuce na cire shi na ɗaura wani ɗan buɗaɗɗe mai arha, don ta riƙa gurnani in na taka. Hunturu biyu tana shaƙar ƙurar hanyar gona kai tsaye. Da VR6 ɗin na ɗora, irin matatar zan sa masa, don ƙarar ce dama ta kai ni.

Oga bai gaya wa Yaya ba. Ni na gaya masa da bakina a hanyar dawowa. Bai ce komai ba har muka wuce Tokarawa, sannan ya ce in nemo tsohon akwatin. Na same shi a ɗakin ajiya, kaza ta yi ƙwai a ciki.

Yanzu muna lallaɓa ta, kilomita dubu na farko ba a matsa mata, sannan a juye baƙin mai. Hayaƙi babu. Makon jiya na kai Inna ganin likita, ban wuce 70 ba, wata Sharon cike da fasinja ta wuce mu tana hon. Inna ta ce in rage gudu.

Hoton VR6 ɗin yana nan a wayata, ban goge ba. Wanda ya taɓa ɗora shi a Golf 3 a Kano ya faɗa min gaskiya lita nawa yake sha daga Yankaba zuwa Gezawa.