Ranar da Inna ta zuba muryar ɗanta a rumbu

Ni malamin firamare ne, lakwal kamar yadda muke cewa a Nijar. Mahaifiyata tana zaune a Dawce, cikin yankin Matamaye na jihar Damagaram. Ƙanena ya tafi ci-rani Aljeriya kamar samarin yankinmu da yawa, shi ya sa bara na saya wa Inna babbar waya, irin ta shafawa, domin ta riƙa jin muryarsa.

Wata Juma'a na je gaishe ta, na tarar ranta a ɓace. Ƙanena ya aiko saƙon murya bayan wata 3 ba a ji ɗuriyarsa ba. Ta saurara har ta gaji, sai ta so ta adana shi. Ta danne saƙon, wasu alamomi suka fito, ta zaɓi wata mai kamar mazubi da murfi. Wayar ta yi mata tambaya da Faransanci, ta danna. Shi ke nan, saƙo ya tafi.

Na ce, "Haba Inna, ai kwandon shara kika taɓa!"

Ta dube ni, ta ce, "Kai yaro, a ina ka taɓa ganin an yi wa shara murfi? Abin da ake so shi ake rufewa. Ni rumbu na gani."

Na rasa ta cewa. A gidanmu juji ake kai shara, daga nan a kwashe ta zuwa gona ta zama taki. Tukunyar tuwo, randa da rumbu su ke da murfi. Inna ta karanta hoton daidai da duniyarta. Wanda ya zana shi ne bai san da ita ba.

Akwai fannin ilimi sukutum da ke nazarin yadda mutum ke mu'amala da kwamfuta da waya. Wani masanin fannin, Ba'amurke mai suna Don Norman, ya wallafa littafi a 1988 yana bayanin cewa idan mutane suna ta tura ƙofar da ya kamata a ja, laifin na wanda ya ƙera ƙofar ne. A Indiya kuma, Indrani Medhi ta cibiyar binciken Microsoft a birnin Bangalore ta yi aiki da mata masu aikatau da ba su iya karatu ba. Ta gano cewa zane mai kama da abin da suka sani, haɗe da murya cikin harshensu, ya fi rubutu amfani gare su.

A ƙasarmu ma an gwada abu makamancin haka. A 2009 ƙungiyar Catholic Relief Services da masaniya Jenny Aker ta Jami'ar Tufts suka fara shirin ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram. An koyar da manya yaƙi da jahilci cikin Hausa da Zabarmanci, aka ƙara wa wasu azuzuwa darasin amfani da ƙaramar waya. Waɗanda suka samu ƙarin darasin sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Ashe iyayenmu suna iyawa, muddin an zauna an nuna musu da harshen da suke ji.

Tun daga ranar na canza hali a aji. Nakan zana alamomin waya a allo, in tambayi yara me suka gani kafin in faɗa musu sunan abin. Da na zana ambulan, alamar saƙo, wani yaro ya ce tagar ɗaki ce. Bai taɓa riƙe wasiƙa ba. A da sai in yi masa tsawa. Yanzu nakan ce ya bayyana mini dalilinsa, sannan in kawo ambulan na gaske ya taɓa.

Malamai da iyaye, a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma wayoyin da ke hannun iyayenmu suna nan suna tambayarsu da Faransanci ko Turanci. Kafin masu ƙera su su waiwaye mu, mu daina kiran tsoho ko yaro jahili don ya danna ba daidai ba. Mu fara tambaya: me ka gani? Wataƙila cikin yaran da muke koyarwa a samu wanda zai zana alamar da Inna za ta gane ba tare da tafinta ba.

Saƙon bai dawo ba. Na ba Inna haƙuri kan yadda na ɗaga mata murya, na nuna mata alamomi 3 kacal: na saurare, na aikawa, da wanda ba a taɓawa. Da ƙanena ya sake aiko saƙo, ita da kanta ta mayar masa da amsa, kuma sai da ta ba shi labarin rumbun.