Lambar da Ke Ƙarƙashin Kujera

Duk wanda ya taso a layinmu na Bolari ya san motar mahaifinmu, wata tsohuwar Volkswagen Beetle da yara suka laƙaba wa suna Kunkuru. Malam, Allah ya jiƙansa, ya saye ta hannu na biyu tun Gombe tana ƙarƙashin jihar Bauchi, wato kafin 1996. Bayan rasuwarsa ta shekara biyu a gindin dalbejiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Ranar rabon gado Baffa ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a raba kuɗin. Inna ba ta ce uffan ba, sai da dare ta kira ni ta ce, "A cikinta aka kawo ni gidan nan. Idan za a saka mini ita cikin tumunina, ina so." Aka amince, da sharaɗin a sake mata takardu da sunan Inna kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a sayar.

A nan gizo ke saƙar. Takardun motar suna cikin wata adaka, gara ta yi biki a kansu. Abin da ya tsira shi ne lambar inji da rabin sunan Malam. Da na je ofishin da ake rajista, ma'aikacin ya miƙo mini fom mai gurbi 17 na lambar shasi, wadda makanikai ke ce wa casis namba. Ya fito ya duba lambar injin, ya ga ta saɓa da ta takarda, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Samari, ka tabbata motar nan taku ce?" Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da na koyi tafiya ina dafa ƙofar motar nan, yau ake mini kallon ɓarawo!

Wani tsohon makanike da ya daɗe yana yi wa Malam gyara shi ya fitar da ni. Ya yi dariya ya ce shi da hannunsa ya sauya injin, don haka lambar inji ba shaida ba ce. Inji kamar riga yake, ana cirewa a sa wani. Shasi kuwa ƙashin bayan mota ne. Ni ina ta leƙen gilashin gaba, inda motocin yanzu ke nuna lambarsu, sai ya ce, "Ɗana, ɗaga kujerar baya." Muka ɗaga, muka share ƙura da ɓawon gyaɗa na shekaru, ya goga kananzir a kan doron ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar. Sai ga lambobi tara sun fito, farkonsu 118.

Ya ɗora farar takarda a kai, ya ba ni fensir ya ce in goga a hankali, kada in kwafa da ido, domin tsatsa kan mayar da 3 ta zama 8. A matsayina na ɗalibin harshe, nan take na tuna yadda ɗigo ɗaya ke sauya harafi a rubutun ajami.

Daga baya na bi diddigin ma'anar lambar. Ashe tun daga ƙirar 1965 kamfanin ya tsara cewa lambobi biyun farko su nuna nau'in mota, 11 kuwa ita ce Beetle mai rufin ƙarfe. Ta uku ita ce lambar ƙarshe ta shekarar ƙira, kuma shekarar kamfanin a watan Agusta take farawa. Ke nan an ƙera Kunkuru tsakanin Agustan 1967 da Yulin 1968 a Jamus ta Yamma. Ba ta 1978 ba ce, don lambobin wancan lokaci goma ne. Ta ma girmi masana'antar Volkswagen ta Legas, wadda ta fara haɗa motoci a 1975. Shi kuwa tsarin gurbi 17 sai a 1981 ya kankama, shi ne wanda aka cire wa haruffan I da O da Q don kada su rikice da 1 da 0. Motar da ta riga tsarin haihuwa da shekara 13, ina za ta samo abin cika gurbinsa?

Wani dillalin takardu ya ba ni shawarar in cike sauran gurbi takwas da abin da na ga dama. Na ƙi, don ranar da aka tsayar da motar a hanya, ƙarfe da takarda za su ƙaryata juna, kuma sunan Inna ne a kai.

Na koma da takardar fensir, da rantsuwar kotu, da tsohon makaniken a matsayin shaida. Wani babba a ofishin ya fito da kansa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kujerar, ya gwada da takardar lamba bayan lamba, sannan ya sa hannu. Saura kwana huɗu wa'adin Baffa ya cika.

Kunkuru ba ta wuce zuwa kasuwa da gidan biki, kuma sau da yawa sai yaran layi sun tura. Inna a baya take zama, daidai saman lambar.