Ɗigon da ya tsayar da mu a Gumel

A hutun zangon farko, sanyi ya kama kuma an gama kaye, Kawu ya ce in raka shi ƙauyuka sayen riɗi da zoɓo. Motarsa tsohuwar Land Cruiser ce mai jan ƙafa huɗu, ta girme ni, ta kuma ci fiye da kilomita 400,000. A ƙasar Gumel ba a raina irinta, domin da ka sauka daga kwalta sai yashi, ƙaramar mota kuwa nan take kafewa.

Masarautar Gumel ƙananan hukumomi 4 ce: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ran Litinin muka zaga ƙauyukan Sule Tankarkar a yamma, ran Talata muka koma na Gagarawa, inda layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa. Niyyar Kawu ita ce mu kwana Gumel ran Laraba, mu yi sammakon Maigatari, tunda kasuwarta Alhamis take ci. Idan ta wuce ka, sai wani makon.

Tun a Gagarawa na lura duk inda muka tsaya sai motar ta bar baƙin tabo a kan rairayi.

"Kawu, motar nan fa tana zubar da mai," na ce.

"Tsufa ne, ɗana. Kowace tsohuwa da tarinta."

Duk da haka, da muka shiga Gumel da la'asar ya biya garejin wani dattijon bakanike. Na zaci zai fara kwance inji. Sai ya sa yaransa suka wanke ƙasan motar tas, aka shimfiɗa kwalaye tun daga gaba har baya, ya ce a bar ta nan ta kwana.

Bayan sallar asuba muka dawo. Malam ya jawo kwalayen yana dubawa kamar malami da takardun jarrabawa, ya kira ni.

"Zo, ɗan makaranta. Mota tana magana, mutane ne ba sa saurare."

Ya nuna babban tabo a wajen gaba, baƙi wuluk. Wannan baƙin mai ne na inji. Ya ce mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana tura shi baya idan ana tafiya, don haka inda ya ɗiga ba lallai nan ya fito ba. Sai a bi jiƙar zuwa sama har inda ta ƙare. Da ya bi ta, sai ga ta a gaskit ɗin murfin saman inji, robar ta bushe saboda zafi da shekaru. Ya zaro sandar awon mai, ya ce da ya ga man ya koma kalar shayi mai madara, da ruwa ya shiga inji, kuma da babu inda za mu.

A tsakiya akwai wani ɗigon mai kauri. Ya sa na sansana, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Man giya ke nan. Mota mai jan ƙafa huɗu, in ji shi, ta fi sauran wuraren yoyo, domin bayan giyabos tana da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, ga aksil biyu, kowanne da mansa. Ya ƙara da cewa man sitiyari galibi ja ne, ruwan lagireto kuwa kore ko ja, ko kalar tsatsa idan ruwan rijiya aka saba ɗurawa. Kuma ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan zai tsarto ya ƙona fuska.

Kawu ya riga ya sa hannu aljihu zai biya, sai Malam ya tsuguna wajen tayar baya ta dama. A kwalin akwai ɗan ɗigo, bai fi girman kwabo ba, garai-garai kamar man gyaɗa. Ya leƙa bayan tayar, inda ƙura ta manne ta yi danshi. Ya buɗe bonet, ya nuna robar man birki, saura kaɗan ta ƙafe.

"Alhaji, waccan baƙar za ta kai ka ta dawo da kai, in kana ƙara mai. Wannan 'yar mitsitsiyar ita ce ba ta da amana."

Nan na tuna darasin kimiyya: ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafar direba ke bin siririn bututu har ya kai tayoyi. Idan man ya tsiyaye iska ta shiga, iska kuwa tana matsuwa, sai ka taka birki ya tafi ƙasa ba ya kamawa. Ga buhuna maƙare a baya, ga hanyar Maigatari ranar kasuwa cike da tireloli, babura, amalanke da garken shanu.

Kawu ya dubi agogo, ya dubi buhunan, ya yi shiru. Can ya ce, "A gyara." Aka ɗaga motar da jak, aka tokare ta da kututture kafin kowa ya shiga ƙasanta. Aka canza robobin birkin, aka fitar da iska, ni ne ma mai taka feda.

Sai bayan azahar muka isa Maigatari, a bakin iyakar Nijar. Kara cike da shanu, raƙuma da tumaki, ana ta lodin tirelolin da za su kudu. Manyan masu sayen riɗi sun riga sun cika motocinsu, dole Kawu ya sayar ƙasa da yadda ya so. Amma daf da shiga gari wani bijimi ya ƙwace ya faɗo titi, Kawu ya taka birki, motar ta tsaya cak. Babu wanda ya ce uffan.

Yanzu ko babur ɗin gidanmu za a tayar, sai na fara duba ƙasan inda ya kwana.