Kakin Kyandir da Ƙafar Inna

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san hunturu ba ya zuwa shi kaɗai. Da zarar iska ta juyo a watan Nuwamba, hazo ya rufe Dutsen Dala har ba a hango shi daga Goron Dutse, to sai leɓe ya fara tsagewa, kaushi ya taso, sannan uwa-uba faso. Tun muna yara mun san maganin da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, take yi wa nata fason. Bayan sallar isha'i takan jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ta goge da dutse, ta kunna kyandir ta riƙa ɗiga narkakken kakinsa a cikin tsagar, sannan ta bi da man kaɗe. Kowane ɗigo sai ta ja tsaki ta janye ƙafa, mu kuwa muna gefe muna dariya.

A hunturun 2023 muka lura Inna ta daina jan tsakin nan. Kakin na sauka a dunduniyarta, ita kuwa tana ta hira, ko gezau. Har yaba mata muka yi, muka ce tsufa ya ƙara mata dauriya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin mu da muka faɗi haka mun fi shekara ashirin muna koyar da kimiyya a makarantar sakandaren 'yan mata, da takardar diflomarmu ta koyarwa a rataye a bango.

A watan Disambar shekarar aka sa bikin 'yar ƙanwarmu. Kamar yadda aka saba a yanzu, aka kai amarya shagon gyaran jiki domin dilka da halawa da turare, a wani lungu da ke kan hanyar Mandawari. Da, lalle ake sayowa a Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, a kwaɓa a gida, a ƙunsa wa amarya, ta zura hannu a zunguru, shi ke nan an gama. Yau kuwa sai an haɗa da shago. Amarya ce ta dawo tana ba mu labarin wata tukunyar lantarki da ake narka kaki a ciki, a tsoma hannu ko ƙafa, su fito sumul. Muka ce to, mu da alli ya cinye wa hannu bari mu gwada, mu kuma tafi da Inna a raba ta da fason nan kafin ranar ɗaurin aure.

Muna shiga, mai shagon ta taso ta durƙusa har ƙasa.

“Malama, sannu da zuwa. Ba ki gane ni ba ko?”

Mun gane ta sarai, sai dai mun so a ce ba mu gane ba. Wajen shekara goma sha biyu da suka wuce mun kama ta a bayan aji tana zana wa ƙawarta lalle muna tsakiyar darasi. Muka ƙwace ƙullin lallen muka jefa ta taga, muka tsayar da ita gaban 'yan aji sama da saba'in, muka ce da ita, “Ke dai ba za ki tsinana komai a duniya ba sai ƙunshi.” Aji ya kwashe da dariya. Zangon karatu bai ƙare ba aka yi mata aure, ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

Ba ta tayar da zancen ba. Ta zaunar da mu, ta wanke mana hannu ta tsane shi tas, ta duba ko akwai yanka ko ƙurji, ta shafa mai, sannan ta ɗiga kakin a bayan hannunta domin ta ji zafinsa, ko da yake tukunyar na da ma'auninta. Ta ce mu ware yatsu mu tsoma, mu fito, mu jira ya daskare, mu sake. Sau shida muka yi, har hannun ya zama kamar an sa masa farar safa. Ta zura shi a leda, ta naɗe da tawul, ta ce kada mu motsa sai bayan minti 15. Muka ce a ranmu, ashe dai ƙunshin ne ya sake riga, tawul ya maye gurbin zunguru.

Ga wanda bai sani ba, wannan kaki ɗan'uwan na kyandir ne, sai dai an fi tace shi, an kuma gauraya shi da mai domin ya narke a zafi kaɗan. Sunansa farafin, daga ɗanyen man fetur ake fitar da shi, kamar basilin. Wani Bajamushe mai suna Karl von Reichenbach ne ya fara gano shi a 1830, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, likitocin Faransa sun yi amfani da wani haɗinsa wajen rufe ƙunar sojoji. Har gobe masu gashin ƙashi a asibiti suna tsoma hannun masu ciwon gaɓoɓi a cikinsa, domin ɗumin yana sassauta ciwo na ɗan lokaci. Akan riƙe shi a wajen digiri 50 zuwa 54 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa mai irin wannan zafin ba a iya daɗewa a cikinsa, amma shi kaki da ya taɓa fata sai ya daskare ya zama katanga, yana sakin zafinsa a hankali. Ba ya ƙara wa fata ruwa ko kaɗan; tsare wanda ke ciki yake yi kada ya fita, shi ya sa fata ke laushi, shi ya sa kuma laushin ba ya daɗewa in ba a bi da mai kullum ba.

Duk wannan mun sani, muna zaune muna bitarsa a kai muna jin kanmu. Sai layi ya zo kan Inna.

Yarinyar ta ɗora ƙafar Inna a cinyarta, ta wanke, ta juya dunduniyar wajen haske. Sai muka ga ta yi shiru. Ta danna gefen wata tsaga da yatsa.

“Hajiya, kin ji zafi?”

“A ina, 'yar nan?” in ji Inna.

Ta tsoma tsumma a ruwan ɗumi ta ɗora a tafin ƙafar, ta ce Inna ta rufe ido ta faɗa mata ɗumi ne ko sanyi. Inna ta yi dariya ta ce ita fa ta daɗe tana jin ƙafar kamar ba tata ba, kamar a kan auduga take tafiya. Yarinyar ta sauke ƙafar a hankali, ta rufe tukunyarta.

“Malama, ki yi haƙuri, ba zan sa wa Hajiya ba. An taɓa auna mata suga?”

Ranmu ya ɓaci. Muka ce ba asibiti muka zo ba, kuma kuɗi ne za mu biya, in ma ƙari take so ta faɗa. Ta ce ko nawa ne ba za ta karɓa ba. Matar da ta koya mata aikin, wata Bashuwa daga Maiduguri, ta ja mata kunne a kan mutum uku: mai buɗaɗɗen rauni, mai ƙuraje, da wanda ƙafarsa ba ta jin zafi, domin shi sai ya ƙone bai sani ba. Ta nuna mana tsagar: tana ruwa, gefenta ya yi duhu, ga guntun kyandir a maƙale a ciki.

A nan ne tsakin da Inna ta daina ja ya faɗo mana a rai. Sau nawa muka zana wa ɗalibai a allo yadda jijiya ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa? Mun san ciwon suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa, yana kuma hana rauni warkewa. Mun san shi domin jarrabawa, amma ya zauna a tsakar gidanmu wata da watanni muna kiransa dauriya.

Washegari muka kai Inna Asibitin Murtala. Awo ya nuna suga ya hau sosai. Aka wanke raunin, aka ɗora ta a kan magani, aka hana ta kyandir da dutsen guga da jin ɗumi kusa da kaskon wuta da kuma yawo ba takalmi. A kan bencin jira mun zauna kusa da wani dattijo da aka yanke wa yatsu biyu, ya ce shi ma da faso ya fara. Inna ta ci bikin jikarta da bandeji a ƙafa, tana mita. Raunin ya ɗauki kusan wata biyu kafin ya rufe, amma ya rufe.

Bayan biki muka koma shagon, ba don kaki ba. Muka ce, “'Yata, akwai maganar da muka taɓa faɗa miki a aji.” Mun yi fatan ta ce ta manta. Sai ta maimaita mana ita kalma bayan kalma, ta ce ranar har gida tana kuka, kuma lokacin da aurenta ya mutu ta rasa abin yi, maganar ce ta hana ta fara sana'ar nan har kusan shekara guda. Muka nemi gafara. Ta ce, “Haba Malama, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Yaya ƙafar Hajiya?”

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mu namu bai tsone ba, buɗe mana ya yi. Yanzu kowane dare mukan haska ƙafar Inna da fitilar waya, mu duba tsakanin yatsu, mu shafa man kaɗe a dunduniya. A makaranta kuwa har yau mukan kama masu zanen lalle a bayan aji, kuma har yau muna ƙwacewa, domin darasi darasi ne. Sai dai mukan ajiye ƙullin a aljihun tebur, idan an tashi mu mayar wa mai shi, bakinmu a rufe. Allah ya tsare mu da faɗin abin da za mu zo muna neman gafararsa.